Takwas da biyar: ba da ƙirgen kofuna ake auna Amitabh Bachchan ba

Ɗan ƙanwata ne ya miƙo mini wayarsa ranar nan, yana murmushin wanda ya kama ɓarawo da kaya a hannu. Hoto ne aka tsaga biyu. A dama Shah Rukh Khan, an dangwara masa lamba 8 a ƙirji. A hagu Amitabh Bachchan, shi kuma 5.

"Kawu, ga mutumin naku nan," in ji shi. "Kullum kun ishe mu da Amita, Amita. To yau lissafi ya fito."

Na karɓa na duba da kyau. Babu ƙarya a ciki. Kofin gwarzon jarumi na mujallar Filmfare aka ƙirga, kuma haka abin yake: Shah Rukh ya ɗauka sau takwas, Amitabh sau biyar. Sai na ce masa, "Kai yanzu tsakaninka da Allah, ka taɓa zama ka kalli fim ɗin Amita guda ɗaya tun daga farko har ƙarshe?"

Ya ce, "Haba Kawu, sai na kalla? Ai alƙalai sun kalla."

Wannan amsar ce ta tsaya mini a rai, ita ce kuma ta zaunar da ni rubutu. Ba ni da wata jiƙaƙƙiya da Shah Rukh, ina ma kallon finafinansa. Abin da nake ja da shi ɗabi'ar nan ce ta tattara aikin mutum na shekara hamsin da ɗoriya a mayar da shi lamba guda. Ra'ayina a taƙaice shi ne: kofi labarin waɗanda suka bayar da shi yake ba ka, da abin da ransu ya so a shekarar da suka zauna. Abin da yake faɗa game da jarumin kansa kaɗan ne ƙwarai. Ban kuma san rayuwar da ta fi nuna haka kamar ta wannan dattijo da aka haifa a Allahabad ranar 11 ga Oktoba, 1942 ba.

Da wane mudu aka auna?

Manyan kyaututtukan fim biyu ne suka fi suna a Indiya, duka kuma a 1954 aka fara su. Ɗaya ita ce Filmfare, ta wata mujallar 'yan kasuwa ce a Bombay (Mumbai a yau), babban bikinta kuma na finafinan harshen Hindi ne. Ɗayar ta gwamnatin ƙasa ce. Kwamitin alƙalai ke zama a kanta, ana haɗa finafinan duk harsunan ƙasar, na Tamil da Malayalam da Bengali da Kannada da sauransu, shugaban ƙasa ne kuma ya saba miƙa ta.

A wannan ta biyun Amitabh ya zama gwarzon jarumi sau huɗu, babu wanda ya kamo ƙafarsa. Shah Rukh kuwa, da ya fara fitowa a silima tun 1992, sai a 2025 aka kira sunansa karon farko, shi ma raba kyautar aka yi tsakaninsa da Vikrant Massey.

Da ni ma mai son rigima ne, da na haɗa nawa hoton, na rubuta 4 da 1, na tura wa yaron ya kwana da haushi. Da kuwa ni ma na yi ƙarya da gaskiya, irin dai wadda aka yi masa.

Dubi Dilip Kumar. Yana da kofin Filmfare takwas daidai da Shah Rukh, amma ba shi da na gwarzon jarumi na ƙasa ko ɗaya. Sai a kan finafinan 1967 aka fara bayar da wannan kyautar, lokacin manyan ayyukansa na shekarun 1950 sun riga sun wuce. Mai haɗa hoto sifili zai rubuta masa, ya wuce abinsa.

Shekarar 1975

Duk wanda ya san finafinan Indiya, ka tashe shi daga barci ka ce ya ambaci shekarar da Amitabh ya fi haskawa, 1975 zai ce. A cikinta Deewaar da Sholay suka fito.

Akwai wani wuri a Deewaar da har yau in na rufe ido nake ganinsa. Ya fito a ɗan dako a tashar jiragen ruwa, da shuɗiyar riga ya ɗaure bakinta a ciki, da igiya a kafaɗa. 'Yan daba ne ke tatsar leburori kuɗin ƙarfi, shi kuma ya ƙi biya. Suka bazama nemansa, ashe yana cikin sitonsu a zaune, ya miƙe ƙafa yana jiransu. Da suka shigo bai daka tsawa ba, bai zaro ido ba. Ya tashi a hankali, ya kulle ƙofar, ya jefa wa shugabansu mukullin ya ajiye, don daga aljihunsa yake da niyyar ciro shi in ya gama da su. Dambe dai kowane fim yana da shi, kuma na wannan ma yanzu in ka kalla za ka ga tsufansa. Natsuwar da ta gabaci damben ce aikin. Mutum ne da ya gama yanke shawara tun kafin a buɗe ƙofa, kana kuma karanta haka a tafiyarsa.

Ka tuna irin Indiyar da ta kalli wannan. Matasa ba aiki, kaya sun yi tsada, ma'aikatan jirgin ƙasa sun yi gagarumin yajin aiki a 1974, a watan Yunin 1975 kuma Indira Gandhi ta kafa dokar ta-ɓaci. Kafin lokacin jarumin da ake yayi mai lallausar murya ne, yana rera waƙa cikin furanni. Sai ga dogon mutum mai kaurin murya da ba ya dariya, yana ɗauke da fushin da kowa ke haɗiyewa. Marubuta biyu, Salim Khan da Javed Akhtar, su suka zana wannan fusataccen matashi tun a Zanjeer na 1973, amma jikin Amitabh ne ya ɗauke shi.

To me alƙalan Filmfare suka yi da wannan shekara? Sun ba Deewaar gwarzon fim. Sun ba Yash Chopra gwarzon darakta. Sun ba marubutan nasu. Sun ba Shashi Kapoor, wanda ya fito a ƙanensa, kofin mataimakin jarumi. Kusan kowa ya koma gida da abu a hannu, ban da mutumin da fim ɗin ke tsaye a kansa. Sanjeev Kumar aka ba gwarzon jarumi saboda Aandhi.

Ban ce an yi zalunci ba, Sanjeev Kumar ƙwararre ne na gaske. Kujera ce guda ɗaya, mutane biyu suka cancanta. Amma hoton da ke wayar ɗan ƙanwata ba shi da gurbin da zai rubuta wannan.

Na Sholay ya ma fi ban dariya. Fim ɗin da ya shafe shekara biyar ana nuna shi a silimar Minerva ta Bombay, kofin Filmfare guda ɗaya tak ya samu, shi ma na editan da ya yanka hotunan ya haɗa. Amjad Khan, mugun da ya hana yara barci, bai samu komai ba. Sai bayan shekara talatin, a 2005, mujallar ta dawo ta ce Sholay ne fim mafi girma a shekara hamsin ɗin da ta yi tana raba kofi. Fim ɗin bai ƙara ko minti ɗaya ba a tsakani. Masu zama a kujerar ne suka canza.

Abubuwan da lamba ba ta ɗauka

A bikin 1979 sunan Amitabh ya fito sau uku a jerin masu neman gwarzon jarumi: Don, Trishul da Muqaddar Ka Sikandar. Da kansa ya kara. Ya ci da Don, sauran biyun suka faɗi a hannunsa. A lissafi an rubuta masa 1, daidai da wanda ya yi fim mai kyau guda a shekarar da babu abokin karawa.

A 1987 da 1988 ba a yi bikin Filmfare ba sam. Duk wanda ya yi aikin rayuwarsa a wannan tsakanin, sai dai ya rungumi ƙaddara.

Ga Dharmendra, abokin tafiyar Amitabh a Sholay, da finafinai sun kai ɗari uku. Bai taɓa ɗaukar kofin gwarzon jarumi na Filmfare ba. Sai a 1997 aka kira shi aka miƙa masa na karrama dattawa. A hoton waya, sifili.

Sannan akwai abin da ba a cika son faɗa ba. Rishi Kapoor, a littafin tarihin rayuwarsa da ya fito a 2017, ya faɗa da kansa cewa yana matashi ya ba wani mutum rupi 30,000 don a ba shi wata kyautar gwarzon jarumi a kan Bobby, fim ɗin da ya fito shekara ɗaya da Zanjeer. Ya ce ya daɗe yana jin kunyar abin. Ban kawo wannan don in ce kowane kofi sayensa ake yi ba. Na kawo ne don wanda ya ce "ai alƙalai sun kalla" ya san cewa wani lokaci ba kallo kaɗai ake yi ba.

"To kana nufin duk kyauta banza ce?"

A'a. In na ce haka na yi son zuciya, domin uku daga cikin kyaututtukan Amitabh huɗu na ƙasa ni ma da hannu biyu zan sa musu hannu. A Black na 2005 malami ne mai zafin rai da ke koyar da yarinya makauniya kuma kurma, daga baya cutar mantuwa ta cinye shi. A Paa na 2009, yana da shekara 67, ya fito a ƙaramin yaro ɗan makaranta mai cutar da ke tsofar da jiki da wuri, ɗansa na cikinsa Abhishek kuma ya fito a ubansa. A Piku na 2015 tsoho ne mai mita, ba shi da zance sai na cikinsa da ya ƙi sakin bayan gida, ya addabi 'yarsa tun daga Delhi har Kolkata. Duk wanda ya taɓa jinyar tsoho ya san wannan mutumin.

Alƙalai sun yi daidai a nan. Amma duba irin rawar da suka saka wa: naƙasa, cuta, tsufa, fuska da aka sauya da kwalliya har ba a gane mai ita. Irin aikin da wahalarsa ke fitowa fili ke nan, wanda alƙali zai iya nunawa da yatsa ya kare kansa. Shekaru goman da ya riƙe masana'antar a tafin hannunsa, daga 1973 zuwa 1983, kwamitin ƙasa bai ba shi gwarzon jarumi ko sau ɗaya ba. A lokacin hankalinsu ya fi karkata ga ƙananan finafinai masu nauyin tunani, irin wanda ya sa aka ba P. J. Antony na Malayalam kyautar 1973. Fim ɗin da talaka ke layi a kansa, kallon kayan kasuwa suke yi masa.

Da suka tashi ba shi ta farko, a kan Agneepath na 1990 suka ba shi, fim ɗin da ya sauya muryarsa ta koma gurnani, 'yan kallo kuma suka juya masa baya lokacin da ya fito. Wanda ya bi jerin kyaututtukan ƙasa kaɗai zai ɗauka a 1990 Amitabh ya fara iya wasa.

"Son jama'a ma ai ba ma'auni ba ne"

Wannan ita ce hujjar da ta fi ƙarfi a kaina, kuma na yarda da rabinta. Jama'a na son mutum saboda tsayinsa, ko muryarsa, ko don ya tuna musu da ƙuruciyarsu. Ni kaina ban tsira daga wannan ba.

Son da aka yi wa Amitabh ya wuce misali. Ranar 26 ga Yuli, 1982, ana ɗaukar wani faɗa na fim ɗin Coolie a Bangalore, ya bugu a ciki ya ji mummunan rauni. Aka kai shi asibitin Breach Candy a Bombay rai a hannun Allah. Mutane suka yi dafifi a ƙofar asibiti, masu ba da jini na layi, masallatai da wuraren bauta na addu'a. Da fim ɗin ya fito a 1983, darakta Manmohan Desai ya tsayar da hoton cak a daidai inda abin ya faru, ya sa rubutu a kai, ya kuma sauya ƙarshen labarin don kada jarumin ya mutu. Ba kwamitin da ke raba irin wannan.

Amma wannan son bai mayar da kowane fim nasa mai kyau ba. Ya yi na banza da yawa, musamman a ƙarshen shekarun 1980 bayan ya ɗanɗana siyasa ya fito. Ya ci kujerar majalisa ta Allahabad a 1984, ya ajiye ta a 1987. Da ya dawo daga dogon hutu a 1997 da Mrityudaata, yana neman ya maimaita fusataccen matashi alhali ya ba hamsin baya, abin tausayi ne. Masoyansa na gaske ma sun sunkuyar da kai.

Saboda haka ban ce a ajiye ƙirgen kofi a ɗauki ƙirgen tafi ba. Duka biyun gajerun hanyoyi ne na wanda ba ya son zama ya kalla.

Kyautar sallama yana ɗan shekara 48

Wurin da na fi so a tsaya a duba shi ne nan. A 1991 Filmfare ta ƙirƙiro kyautar karrama wanda ya daɗe yana bauta wa sana'ar, Amitabh ne kuma na farko da aka ba. Shekararsa 48. Kowa ya san ma'anar irin wannan kofi: mun gode, Allah ya saka, a koma gefe a ba yara wuri.

Kuma da farko kamar sun yi gaskiya. Ya kafa kamfani, ABCL, ya ɗauki nauyin gasar sarauniyar kyau ta duniya a Bangalore a 1996, harkar ta rushe, bashi ya yi masa katutu har maganar gidansa ta kai gaban kotu. Shi da kansa yake ba da labarin yadda ya taka zuwa gidan Yash Chopra ya ce a ba shi aiki. Aikin da ya samu shi ne Mohabbatein na 2000, inda ya fito da furfura a gemu, shugaban makaranta mai taurin kai. Jarumin fim ɗin kuwa Shah Rukh Khan ne. Mutumin da ya yi shekaru sunansa ne farko a allo ya karɓi kofin mataimakin jarumi a fim ɗin yaron da ya gaje shi.

A shekarar dai ya karɓi gabatar da Kaun Banega Crorepati a talabijin, gasar kacici-kacici mai kyautar rupi miliyan 10, a zamanin da ake ganin komawar tauraron silima talabijin faɗuwa ce. Da wannan ya biya bashi, da shi kuma ya shiga ɗakin kowa.

A wurina wannan ne babban abin da ya yi a sana'arsa, ya fi Deewaar wuya. Taurari da yawa tsufa ke kashe su tun suna raye, suna rina gashi suna bin 'yan matan da suka yi jika da su a fim. Shi ya yarda ya tsufa a gaban kyamara, ya koyi sabon wasa yana dab da sittin. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai zumar ta yarda ta tsufa. Uku daga cikin huɗun nan na ƙasa bayan an sallame shi ya same su. Ba kofin da aka tanada don wannan juyin, ba kuma lambar da za ta nuna shi.

A Disambar 2019 shugaban ƙasa Ram Nath Kovind ya miƙa masa kyautar Dadasaheb Phalke, mafi girma a harkar fim a Indiya, shekara hamsin cif bayan fim ɗinsa na farko, Saat Hindustani na 1969. A wurin ma sai da ya yi barkwanci, yana tambaya ko wannan alama ce ake yi masa ya koma gida ya zauna. A 2024, yana da shekara 81, ga shi a Kalki 2898 AD ana dambe da shi.

"Ba kowa ke da lokacin kallon fim ɗari biyu ba"

Gaskiya ne, kuma ban ce a ƙona jerin kyaututtuka ba. Yana da amfani in ka san yadda ake karanta shi. Kada ka tsaya a jimilla, bi shi shekara-shekara. Ka tambayi wa ya bayar, su wa aka kayar, wane fim ne ya fito a shekarar da ba a ko ambace shi ba. Jerin waɗanda suka faɗi sau da yawa ya fi na waɗanda suka ci daɗin karatu. In ka yi haka zai kai ka ga fim uku ko huɗu da za ka zauna ka kalla da idonka, daga nan kuma ka samu bakin magana, ko da ra'ayinka ya saɓa da nawa.

Abin da na yi wa ɗan ƙanwata ke nan. Na ce ya nemi Deewaar ya kalla, in ya gama ya zo mu yi musun da hujja. Bayan kwana huɗu ya turo mini saƙon murya.

"Kawu, na kalla fa. Amma gaskiya ya yi tsawo, waƙoƙin duk tsallake su na yi." Ya ɗan yi shiru. "Wurin mukullin nan dai sau uku na mayar da shi baya. Wai da gaske ba a ba shi komai ba a wannan?"

Na ce da gaske.

Ya ce, "Kai, an cuce shi."

Da na leƙa shafinsa da daddare, hoton 8 da 5 na nan bai cire ba.